Kuɗin Ɗakin Ajin Asabar

Zan fara da abin da ya hana ni barci. Mai zauren da yaranmu ke karatun Asabar ya sake aiko takarda: wata uku ba mu biya haya ba, ƙarshen wannan watan zai sa kwaɗo. Fam 10 ne fa a wata kowane gida. Wasunku abin da suke kashewa a kilishi idan wani ya zo daga gida ya fi haka.

Makon jiya malamar ajin ta tambayi yara wa ya san Dakta Yusufu Bala Usman. Shiru. Har da ɗana, ni da na zauna a gaban Dakta a jami'a a Samaru ina rubutu hannuna na ciwo!

To ku ji, tunda ba ku gaya musu ba. An haife shi a Musawa a 1945, ɗan gidan sarautar Katsina. Nan Ingila ya yi digirinsa, a Lancaster, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga nan Manchester. Wannan sanyin da muke kuka da shi ya sha. Da ya gama bai tsaya neman takardar zama ba, ya koma Zariya ya ɗauki alli a Kwalejin Barewa, daga baya ya wuce Jami'ar Ahmadu Bello. Littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fito a 1981. A ciki ya ƙi yarda a taƙaita jihadin Shehu a matsayin faɗan Fulani da Haɓe, ya bi fatauci da garuruwa da malamai da tsarin sarauta yana tono dalilai. A ajinsa in ka ce "an ce", sai ka kawo wa ya ce, yaushe, kuma me yake nema da faɗin haka. Ya zama Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna zamanin Balarabe Musa, ya sake komawa aji. Ya rasu a Satumbar 2005. Allah ya jiƙansa.

Mutum ya bar Ingila don ya koyar da tarihinmu, mu kuwa muna Ingila mun kasa biyan hayar ɗakin da za a koyar da shi. Makarantun nan za su koya wa yaranmu sarakunan Tudor da matan Henry na takwas su shida, amma ba wanda zai ambaci hasumiyar Gobarau ta Katsina ko Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir.

Rahoton walimar Sallah: an yi, an ci, kuɗi ya ishe mu, takardar na wurin sakatare. Batun motar ɗaukar gawa sai zama na gaba.

Alhaji, na gan ka kana duban agogo. Hajiya, ke ce kika fara kawo shawarar ajin nan, don Allah ki taya ni magana da mata. Sunayen da ba su biya ba suna cikin littafin nan, ban karanta su ba saboda kunya. Ina bakin ƙofa da littafin rasit, kuma wanda bai zo da tsabar kuɗi ba, lambar asusun na jikin allo.