Ciwon Cikin Da Ke Tafiya Yana Dawowa: Yaushe Za a Nemi Ƙwararren Likita?

Assalamu alaikum jama'a, sannunku da haƙurin zama. Maganarmu ta yau a kan ciwon cikin nan ce da ba ya kwantar da mutum, kuma ba ya rabuwa da shi: ƙwannafi, kumburin ciki, murɗa, yau zawo, gobe bayan gida ya yi tauri. Tambayar ita ce, yaushe likitan da aka saba gani ya wadatar, yaushe kuma sai an dangana da ƙwararre a kan ciki da hanji da hanta?

Bari mu fara cire abin da ba ya jiran kowa. Aman jini, ko amai baƙi-baƙi kamar garin kofi. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta. Ciwon da ya taso farat ɗaya har ciki ya ƙame. Zafin ƙirji da gumi wanda yake sauka hannu ko muƙamuƙi, domin ciwon zuciya yakan zo da kamar ƙwannafi. Waɗannan sashen gaggawa za a nufa, a ranar. Sai dai ku sani, ƙwayar ƙarin jini da maganin ciki mai sinadarin bismuth su ma suna baƙanta bayan gida, don haka a gaya wa likita idan ana shan su.

Bayan su akwai alamomin da idan an ga ko ɗaya, a nemi a tura mutum wurin ƙwararre cikin kwanaki, ba watanni ba. Abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji wajen haɗiya. Rama ba gaira ba dalili: kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki a wata 6 zuwa 12, wato mai kilo 60 ya zubar da kilo 3 alhali bai rage ci ba. Gwaji ya nuna ƙarancin jini irin na rashin sinadarin ƙarfe, musamman ga namiji ko macen da ta daina al'ada, domin mai yiwuwa jinin nan wani wuri yake tsiyayewa. Zawon da ke tada mutum daga barci. Idanu su yi rawaya. Ko kuma a ce mutum ya haura shekara 50 sannan cikinsa ya canja hali, ko an taɓa samun kansar hanji a iyayensa ko waɗanda suke ciki ɗaya.

Jini a bayan gida kuwa, nan ne aka fi yin asara. Kowa sai ya ce basir ne. Sau da yawa basir ɗin ne ma. Matsalar ita ce basir ya yi yawa a cikin mutane, har yana yiwuwa mutum ya kasance da shi kuma da ƙari a can sama cikin hanji, su biyun a lokaci guda. Basir ɗin da aka gani bai wanke hanjin da ba a duba ba. Jinin da ya cakuɗe da bayan gida, ko ya zo da majina, ko ya daɗe yana maimaituwa, dubawa yake so.

To, idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan fa? Sai a koma ƙirge. Ƙwannafi sau 2 ko fiye a mako. Zawon da ya wuce mako 4. Bayan gida ƙasa da sau 3 a mako, ana nishi, ya ɗauki watanni. A nan likita na farko ne ya kamata ya fara, ya yi gwajin jini da na bayan gida, ya ba da magani na ƙayyadadden lokaci. Omeprazole da danginsa, masu rage asid ɗin ciki, ana shan su minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, kullum, mako 4 zuwa 8. Wanda yake haɗiyar ƙwaya ɗaya sai zafi ya taso, bai gwada maganin ba tukuna, kada ya ce ya ƙi yi masa aiki. Amma idan an sha yadda ya dace ciwon bai tafi ba, ko da an tsaya sai ya dawo, lokacin ƙwararre ya yi.

Olsa kuma, mutane da yawa da bakinsu suka raɗa wa ciwonsu wannan suna, ba wanda ya leƙa ya ga gyambo. Gyambon ciki na gaskiya manyan sababbansa biyu ne. Na farko magungunan kashe zafi irin su ibuprofen, diclofenac da aspirin, waɗanda ke raunana rigar da ke kare bangon ciki. Na biyu ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na ƙasar Ostireliya suka gano alaƙarta da gyambo, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gano ta ta gwajin numfashi ko na bayan gida, a kashe ta da haɗin magunguna na kwana 14 galibi, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako 4 don a tabbata ta mutu. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa.

Ga inda mutane ke ɓata gwaji da hannunsu. Omeprazole yana ɓoye ƙwayar nan, sai sakamako ya ce babu alhali tana nan. Shi ya sa likita kan dakatar da shi mako 2 kafin gwajin, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4. Haka wanda yake zargin alkama ce ba ta karɓe shi ba: idan ya daina ci kafin gwajin cutar siliyak, wadda alkama ke lalata hanjin mai ita, jininsa na iya fitowa lafiya ƙalau, a sallame shi da cutarsa.

Kada kuma ku ɗauka zuwa wurin ƙwararre yana nufin dole a zura na'ura. Akwai larurar hanji mai saurin hasala, wadda ake ganewa da ciwon ciki aƙalla rana 1 a mako tsawon wata 3, yana tafiya tare da canjin bayan gida. Tana da wahalarwa, amma ba ta cin hanji, ba ta rikiɗewa ta zama cutar kansa. Ga matashin da ba shi da alamar haɗari, gwajin jini da na kalfurotektin a bayan gida, wanda ke nuna ko hanji ya kumbura, sau da yawa sun isa.

Ranar ganin likita a je da rubutu na mako 2: me aka ci, ƙarfe nawa ciwon ya taso, a wane gefe, sau nawa aka zaga, da sunan duk abin da ake sha, har wanda ba likita ne ya rubuta ba.

Wata baiwar Allah daga baya tana tambaya ko duba ciki da na'ura yana da zafi. Hajiya, na sama, wanda ake bi ta baki, yakan ɗauki kamar minti 15, ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro ko a ba da na sa barci, bayan an bar abinci awa 6 zuwa 8. Na babban hanji wahalarsa tana wajen shiri, maganin wanke hanjin da ake sha kafin ranar. A shanye shi duka kamar yadda aka rubuta, har abin da ke fita ya zama ruwa garai-garai. Idan hanji bai wanku ba, ƙananan tsiro sukan ɓuya, sai a ce ki dawo a sake.