Yatsun Tutiya: Lacca Kan ZNF91 da ZNF93

Assalamu alaikum. Barkanmu da haɗuwa. Bari mu fara da kwaɗo, don daga wurinsa labarin ya taso. A 1985, a Kambirij ta Ingila, Aaron Klug da abokan aikinsa suna nazarin wani furotin mai suna TFIIIA a ƙwan wani kwaɗon Afirka. Sai suka ga furotin ɗin guntaye tara ne masu kama da juna, kowanne amino asid wajen 30, kuma kowanne ya naɗe a kan ƙwayar tutiya guda, amino asid huɗu sun tallabe ta. Siffar ta yi musu kama da yatsa, sunan "yatsan tutiya" kuwa ya bi shi.

To me yatsan yake yi? Yana kutsawa cikin kwarin da ke jikin DNA, ya shafa haruffa kamar uku, ya gane su. Yatsa ɗaya ba ya wani abin kirki. Amma in an jera da yawa, sai furotin ya iya tsinto wurinsa cikin haruffa biliyan uku. In ya zauna a wurin, ko dai ya buɗe hanya a kwafi saƙon zuwa RNA, ko ya toshe.

Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado masu samar da furotin irin wannan kusan 700. Wajen rabinsu suna ɗauke da wani sashe, KRAB, wanda aikinsa rufe baki ne: yana kiran wani furotin, TRIM28, shi kuma ya gayyato masu ɗaure DNA tamau har ya ƙi karantuwa. Da yawansu sun yi cincirindo a kuromosom (wato ƙunshin DNA) na 19, ciki har da biyun da na zo da su yau, ZNF91 da ZNF93.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, bakin wa ake rufewa haka? Ku saurara da kyau. Kusan rabin DNA ɗinmu ragowar wasu guntaye ne masu kwafar kansu su dira wani wuri. Barbara McClintock ce ta fara ganin guntaye masu tsalle a masara, aka daɗe ana yi mata kallon shakka kafin ta samu Nobel a 1983. In guntu ya dira tsakiyar ƙwayar gado mai amfani, ɓarna ce.

A 2014 ƙungiyar David Haussler a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Kurus ta yi wata dabara da har yau take burge ni. Sun yi aiki da ƙwayoyin ɓera da aka sa wa kuromosom na 11 na mutum. Ɓera ba shi da masu gadin namu, sai guntayen suka farka. Daga nan aka riƙa saka furotin masu yatsun tutiya na mutum ana gwadawa. ZNF91 ya danne dangin guntaye masu tsalle da ake kira SVA, ZNF93 ya danne wani dangin guntayen da ake kira L1.

Sai dai ɓarawon ma ba ya barci. Kimanin shekara miliyan 12 da suka wuce, wannan dangin L1 ya yar da haruffa 129, daidai inda ZNF93 ke kamawa, ya sulale. Shi kuwa ZNF91, a zuriyar da muka fito tare da gorila da cimfanzi, ƙarin yatsu bakwai ya samu, kuma da su ne yake riƙe SVA. Mai tambaya a baya can, bismilla.