Dattijo da matashi a ofis ɗaya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A ma'aikatu da yawa a duniyar yau za ka tarar da mai shekara 65 da mai shekara 22 suna aiki a ɗaki ɗaya, wani lokaci ma matashin ne ke sa hannu a takardar hutun dattijon. Abin kuma ƙaruwa zai yi, domin mutane na daɗewa a raye, gwamnatoci kuma na ɗaga shekarun ritaya. Tun daga watan Janairun 2025 ƙasar Sin ta fara ɗaga na maza daga 60 zuwa 63, sannu a hankali cikin shekara 15. A Japan, wata doka da ta fara aiki a 2021 ta nemi kamfanoni su yi ƙoƙarin bai wa ma'aikaci damar ci gaba da aiki har ya kai shekara 70. Duk wanda aka ɗora wa shugabancin ma'aikata yanzu, to ya sani an haɗa masa kaka da jika ne a hannu.

Da shugaba ya fara neman shawara kan wannan, abin da ake fara miƙa masa shi ne sunaye. A ce masa waɗanda aka haifa daga 1946 zuwa 1964 su ne Baby Boomers, na 1965 zuwa 1980 Gen X, na 1981 zuwa 1996 Millennials, daga 1997 kuma Gen Z. Sai a bi kowane rukuni a liƙa masa hali: waɗannan masu biyayya ne amma ba sa son canji, waɗancan sun iya waya amma ba su da haƙuri. Ni ban yarda da wannan rabo ba. Daga tarihin Amurka aka yanko shekarun nan, inda haihuwa ta yawaita bayan yaƙin duniya na biyu, kuma wanda aka haifa a 1950 a Indiya ko Barazil ba irin wannan rayuwar ya taso a ciki ba. A Amurkar ma, a 2020 wani kwamitin masana na cibiyar kimiyya ta ƙasar ya bi diddigin binciken da aka yi a kan batun, ya ce hujjar da ake da ita ba ta kai a riƙa tafiyar da ma'aikata bisa waɗannan rukunoni ba.

Bambancin da muke gani da ido, mafi yawansa na matakin rayuwa ne. Mai shekara 25 yana yawan sauya wurin aiki saboda bai riga ya kafu ba, kuma dattijon da ke yi masa faɗa shi ma haka ya yi a ƙuruciyarsa. Mai shekara 40 nauyin iyali ne a kansa, ga 'ya'ya ga iyaye. Mai shekara 60 yana tunanin lafiyarsa da fanshonsa, da kuma ko za a tuna da abin da ya gina bayan ya tafi.

Inda ake yin ɓarnar gaske shi ne ɗakin taro. An kawo sabuwar manhajar kwamfuta, dattijo yana lalube a hankali, sai matashin manaja ya ɗago kai a gaban kowa ya ce, "Baba, har yanzu ba ka gane ba?" Dattijon ba zai yi musu ba. Zai gyara zama, ya rufe littafinsa, ya yi shiru. Daga ranar ba zai ƙara tofa albarkacin bakinsa ba. Alhali shi ne ya san dalilin da ya sa wani babban abokin ciniki ya juya baya shekara goma da suka wuce, shi ne kuma idan inji ya canza ƙara yake gane cewa ya kusa tsayawa. Wannan ilimi ba ya cikin fayil, a kansa yake, kuma ranar da ya yi ritaya da shi zai fita.

Haka kuma idan aka juya. Matashiya ta kwana tana shirya shawarar da za ta rage wa sashenta aikin kwana uku zuwa na yini ɗaya, ta fara bayani ke nan sai wani babba ya katse ta: "Ke yaushe kika zo nan? Mun gwada wannan tun ba a haife ki ba." Ita ma za ta yi shiru, sai dai nata shirun ba ya daɗewa. Bayan 'yan watanni takardar ajiye aiki ce za ta iso teburin shugaba, shi kuma ya riƙa cewa yaran yanzu ba sa zama. Gaskiya ne abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba, amma babban da ya hango ya kamata ya faɗi abin da ya gani: yaushe aka gwada, me ya hana shi tafiya, kuma ko abin da ya hana ɗin yana nan har yau.

Akwai shugabannin da suka gane haka. A 1999 Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric, ya umarci ɗaruruwan manyan manajojinsa kowa ya nemi ƙaramin ma'aikaci ya koya masa intanet, shi ma da kansa ya zauna aka koya masa. Abin da ya fi burge ni ke nan, domin da mai gida ya fara zama ɗalibi, babu wanda zai ji kunyar tambaya. Gemu dai ba ya hana ilimi.

A 2007 kuma kamfanin motoci na BMW, a masana'antarsa ta Dingolfing da ke Jamus, ya haɗa wani layin aiki da ma'aikatan da matsakaicin shekarunsu 47 ne, ya tambaye su abin da ke wahalar da su. Aka yi ƙananan gyare-gyare kusan 70: daɓen katako don sauƙaƙa wa gwiwa, kujerun hutawa, takalma masu taushi, gilashin ƙara girman rubutu. Cikin shekara ɗaya aikin layin ya ƙaru da kashi 7 cikin ɗari. Ma'aikatan ne da kansu suka kawo yawancin shawarwarin, saboda an tambaye su.

Sai batun ƙarin girma, wanda shi ne mafi zafi. Matashi na ganin manya sun tare hanya, dattijo na ganin jira kawai ake yi ya kauce. Idan shugaba bai fito fili ya faɗi ma'aunin da yake bi ba, nawa ne na daɗewa, nawa ne na ƙwazo, kowane ɓangare zai ɗauka shi ake zalunta. Amurka na da doka tun 1967 da ta hana nuna wa mai shekara 40 zuwa sama bambanci a wurin aiki, amma doka ba ta ganin dattijon da aka daina tura shi kwas, ko matashin da ba a taɓa ba shi wani aiki mai nauyi ba.

Don haka ina roƙon duk shugaban da ke saurarena ya ɗauko takardu biyu a wannan makon. Ta farko, sunayen waɗanda ya tura horo bara, ya duba shekarunsu. Ta biyu, sunayen waɗanda za su yi ritaya nan da shekara uku, ya rubuta a gefen kowane suna wane matashi ne ke zaune kusa da shi yana koyo. Inda ya ga gurbin babu kowa, ya kira dattijon ofis, ya ba shi kujera, ya tambaye shi wa yake so a haɗa shi da shi.