Sharhi: Hayaƙin Taba a Ɗakin da Jariri Yake Kwance

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

A birnin Kano shan taba abin kunya ne. Magidanci ba zai so surukinsa ko limamin unguwa ya gan shi da karan sigari a hannu ba. To ina yake kunna ta? Sau da yawa sai ya bari dare ya yi, ya shiga ɗaki, ya turo ƙofa, ya saki labule. Ya tsira daga idon manya, amma ya kai hayaƙin inda mai jego take kwance da jaririnta.

Hayaƙin nan yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000. A hanyoyin numfashin ɗan Adam akwai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, aikinsu share majina da ƙwayoyin cuta su turo su waje. Hayaƙin taba yana kashe musu ƙarfi. Idan suka daina aiki sai ƙwayoyin cuta su sami hanya su gangara cikin huhu, ya kumbura, ruwa ko mugunya su taru a ciki. Wannan ita ce limoniya, wadda iyayenmu suke kira sanyin haƙarƙari. Yaro kuma ya fi babba shiga haɗari, domin hanyoyin numfashinsa ƙanana ne, yana numfashi da sauri fiye da mu, kuma ba shi da ƙafar tashi ya bar ɗakin.

Alƙaluman Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, sun nuna cewa a shekarar 2018 limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya a wannan shekarar, har da Indiya mai yawan jama'a. Ba taba kaɗai ce sanadi ba, akwai tamowa da rashin rigakafi da hayaƙin itace. Sai dai a cikinsu duka, taba ce wadda maigida zai iya kawarwa daga ɗakinsa a daren yau ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Lokacin hunturu abin ya fi muni. Mun taso da jin cewa sanyi ne yake kama haƙarƙarin yaro, don haka sai a toshe taga, a shigo da kaskon garwashi, a kunna maganin sauro, a zuba turaren wuta, sannan maigida ya ƙara da tabarsa. A ɗaki ɗaya, a gidan haya, a cikin lungunan Kurna ko Brigade ko Ɗorayi. Da safe yaro ya tashi yana tari, sai a ce ai uwarsa ce ba ta rufe shi da kyau ba.

Wani zai ce ai ni bakin taga nake tsayawa, ko kuma sai yaran sun yi barci. Malam, hayaƙi yana daɗewa a ɗaki sa'o'i bayan ka kashe karan, yana kuma maƙalewa a labule da katifa da rigar da za ka ɗauki yaron da ita. Turare yana ɓoye wari ne kawai. Shisha ma da samarinmu suka ɗauka ado ce, hayaƙin taba ne da na gawayi a haɗe.

Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa ta shekarar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara. Duk da haka har gobe ana aiken yaro teburin bakin layi ya sayo wa babansa kara biyu. Ko an aiwatar da dokar yadda ya kamata, babu jami'in da zai shiga ɗakin barcin mutum. Matar gida kuwa sau da yawa nauyin baki yake hana ta magana. Nan ne ya kamata yayyen miji da iyayensa da malamai masu huɗuba su sa baki, tunda Manzon Allah (SAW) ya hana cuta da cutarwa.

Iyaye mata, ga abin lura. Idan yaro yana tari, ku ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Ɗan wata 2 zuwa 11 idan ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 idan ya kai 40, numfashin ya yi sauri. Idan ƙasan ƙirjinsa yana faɗawa ciki in ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, kada a tsaya sayen maganin tari a kemis. A nufi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko na Murtala. A kuma duba katin rigakafi: allurar da take kare yaro daga limoniya ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta ce a asibitocin gwamnati. Idan ma'aikacin lafiya ya tambaya ko akwai mai shan taba a gidan, a faɗa masa gaskiya.