Sharhi: A cire sarewar, mu ga abin da ya rage

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau daga ɓacin rai ya fito, kuma gara in faɗa tun da wuri, don kada sanyin muryata ya yaudari kowa. Na kwashe kusan mako biyu ina sauraren sababbin kundayen kiɗan da Turawa ke kira folk metal, wato kiɗan metal mai kururuwar jita da rugugin ganguna wanda aka aura wa kayan kiɗan gargajiya, kuma tambaya guda ce ta yi ta dawo mini a duk waƙar da na saka: idan aka cire sarewar, me zai rage? A mafi yawan abin da na ji, amsar ita ce komai zai rage. Waƙar za ta tsaya daram, kamar ba a taɓa ta ba, kuma wannan shi ne babban laifinta.

Ga wanda bai saba da kiɗan ba, tarihinsa ba shi da tsawo. A 1991 ƙungiyar Skyclad ta birnin Newcastle a Ingila ta fitar da kundinta na farko da gogen Turawa a ciki, a shekarar da ta biyo baya kuma ta ɗauki mai goge ta zama cikakkiyar 'yar ƙungiya. Daga nan abin ya bazu. Cruachan ta taso a Dublin da karin waƙoƙin Ailan, Orphaned Land ta taso a Isra'ila da udu, wato garayar Larabawa, da kiɗan Gabas ta Tsakiya, Amorphis kuma a Finlan ta ɗebo baitocin kundinta na 1994 daga Kalevala, taskar waƙoƙin baka da Elias Lönnrot ya tattaro daga bakin tsofaffin ƙauye ya buga a 1835. A 2007 Moonsorrow ta fitar da kundi mai waƙa biyu rak da suka ci kusan awa guda, a 2008 kuma Eluveitie ta Siwizalan ta fitar da Slania, inda ta rera wasu baitoci da harshen Gaul, harshen da ya mutu fiye da shekara dubu, wanda abin da ya saura nasa bai wuce rubuce-rubuce a jikin duwatsu da ƙarafa da tukwane ba. Mutanen nan sun yi bincike, sun sha wahala, kuma wahalar tana fitowa a kunnen mai sauraro.

Bari in kwatanta muku kayan kiɗa guda ɗaya, domin a jikinsa hujjata take. Akwai wani goge na Turai da ake kira hurdy-gurdy, wanda ba a goga shi da izga. A cikin cikinsa akwai faifan katako da aka shafa wa ƙaro, mai kiɗa yana juya shi da mariƙi kamar yadda tela ke juya keken ɗinki na hannu, faifan kuma yana gogar tsarkiyoyi ba tsayawa. Wasu tsarkiyoyin ana danna su da maɓallai su ba da karin waƙa, wasu kuwa gunji ɗaya suke yi daga farko har ƙarshe, ba sa hawa ba sa sauka. Akwai ma wani ɗan guntun katako da ke karkarwa idan aka fizgi mariƙin, ya ba da sauti kamar haushi, shi ya sa Faransawa ke kiransa kare. To, duk wanda ya gina waƙa a kan wannan goge ya shiga hannunsa. Gunjin nan shi ke yanke inda waƙar za ta je da inda ba za ta iya zuwa ba, dole mai jita ya bi shi, dole mai ganga ya saurari fizgar mariƙin. Irin wannan waƙa in ka zare gogen sai ta rushe, kamar ɗakin da aka zare wa azara. Abin da nake nema ke nan a sababbin kundaye, kuma shi ne na rasa.

Yadda ake haɗa da yawa daga cikinsu a yau sananne ne. Ana fara ɗaukar jita da ganga a situdiyo, ana jera kowane bugu a kan layin kwamfuta don kada ya kauce ko da ƙiftawar ido, a gama waƙa tsaf, sa'an nan a tuna cewa ai mu masu kiɗan gargajiya ne, sai a ɗora sarewa a kan amshi ta maimaita abin da jita ya riga ya faɗa. Sau da yawa ma babu mai busa. Ana sayar da manhajoji ɗauke da sautin sarewa da goge da algaita mai salka ta mutanen Sikotlan, mai fiyano ya danna su da yatsa. Bayan haka mai haɗa sauti ya matse komai, ya ɗaga na ƙasa ya danne na sama har su zo daidai, domin waƙar ta yi ƙara a waya. Kayan kiɗan katako da fata kuwa ransu yana cikin wannan hawa da saukar da aka matse. Ta yaya za a ce an girmama gargajiya bayan an shaƙe ta?

Akwai wani dattijo mai goge a unguwarmu, kuma na kai masa biyu daga cikin waƙoƙin nan ya ji. Yana zaune da gogensa a cinya, ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, yana shafa wa izgar ƙaro a hankali yana saurare. Bai damu da ihun mawaƙin ba, bai damu da ƙarar jitar ba, abin da ya tsaya masa a rai shi ne gogen da ke cikin waƙar bai taɓa juya hannu ba. Ya nuna mini da nasa yadda duk mai goge sai izgarsa ta kai ƙarshe ta dawo, kuma a wurin dawowar akwai ɗan tsaiko da kunne ke ji, tamkar numfashi. A waƙar da na kai masa sautin ya miƙe santal, babu numfashi ko ɗaya. Mutumin da bai taɓa jin sunan Finlan ba ya gano cikin minti guda abin da masu sharhin mujallu ke ba maki takwas cikin goma.

Ban ce babu dalili ba. Manhajar Spotify ba ta lissafa an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa 30, don haka kowa yana gaggawar jefa amshi tun kafin mai sauraro ya matsa gaba, kuma waƙa mai rabin awa irin ta Moonsorrow ba ta da kasuwa a wannan lissafi. Kuɗin ƙungiya yanzu a dandali yake, a manyan bukukuwa irin na Wacken, ƙauyen arewacin Jamus, bikin da aka fara a 1990 wanda a yau ke tara dubun dubatar mutane, kuma taron da ya sha rana abin tsalle yake so. Yawo da mutum takwas ko tara kamar yadda Eluveitie ke yi yana cin kuɗin mota da masauki da abinci, alhali kwamfuta ɗaya a bayan mai ganga tana iya busa sarewar duka ba tare da ta nemi albashi ba. Duk na fahimci wannan. Amma sanin dalilin da ya sa miya ta yi lami ba ya sa ta yi daɗi, kuma kamfanonin da ke buga kundayen nan, irin su Napalm Records ta Ostiriya da Nuclear Blast ta Jamus, sun san bambancin sarai.

Sai kuma abin da ake rerawa, kuma nan ne haƙurina ke ƙarewa. Ƙungiyar Korpiklaani ta Finlan a da sunanta Shaman, tana rera waƙa da harshen Sami, makiyayan arewa mai ƙanƙara, da salon rerawarsu na asali da ake kira yoik. Bayan ta sauya suna a 2003, waƙoƙin da suka ɗaukaka ta a duniya su ne masu sunayen giya, ɗaya bayan ɗaya, har abin ya zama tambarinta, kuma kundinta na 2024, Rankarumpu, duk da akwai mai goge da mai akodiyan (kayan kiɗa mai zugazugi da maɓallai) na gaske a ciki, a kunnena bai faɗi wani abu da ba ta faɗa shekara goma sha biyar da suka wuce ba. Alestorm 'yan Sikotlan ne, ƙasar da ke da taskar waƙoƙin baka da ba ta ƙarewa, amma shigar 'yan fashin teku suka zaɓa suna barkwanci. Wind Rose 'yan Italiya ne, sun yi shigar wadanni na tatsuniya, kuma waƙar da ta fito da su a 2019 asalinta raha ce ta masu wasan Minecraft a intanet. Haba jama'a! Wace gargajiya ce wannan? Gargajiyar wane ƙauye, ta waɗanne kakanni? A cire hular ƙarfe da gatarin roba, a cire sarewar, abin da zai rage shi ne waƙar rawa ta kowa da kowa.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai nishaɗi ne, kada a ɗauke shi da zafi, za a kuma ce tsufa ne ya kama mai sharhi yana kewar zamaninsa. Na biyun bai cancanci amsa ba, domin kundayen da zan yaba nan gaba duk sababbi ne. Na farkon kuwa yana da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba: kiɗan gargajiyar Turai da kansa cike yake da waƙoƙin biki da rawa, kuma humppa da ƙungiyar Finntroll ta gina sunanta a kai kiɗan rawa ne na Finlan, ba na makoki ba. Saboda haka ba da dariya nake faɗa ba. Ka yi barkwancinka yadda ka ga dama, amma ka bar akodiyan ɗin ya ja waƙar, kada ka jingina shi a gefe kamar ƙwaryar ado a bangon otal.

Abin mamaki, inda gwajin nan ke cin nasara a yau galibi nesa yake da inda kiɗan ya faro. The Hu ta Mongoliya, da aka kafa a 2016, ta gina kundinta na 2019, The Gereg, a kan morin khuur, goge mai tsarkiya biyu da aka sassaƙa wa kan doki, da kuma rerawar maƙogwaro wadda mutum ɗaya ke fitar da murya biyu a lokaci guda. A can gogen ne ke yin aikin da jita ke yi a wajen wasu, in ka zare shi babu waƙa. Sai dai ina da shakka a kan inda suka dosa, domin tun da suka fara gayyato mawaƙan Amurka, kuma a kundinsu na 2022, na ji waƙoƙin suna ƙara ɗaukar fasalin kiɗan rediyon Amurka, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai. Bloodywood ta birnin Delhi, wadda ta faro da kwaikwayon waƙoƙin wasu a YouTube, ta zo ta ɗora kundayenta na 2022 da 2025 a kan gangar dhol ta Punjab, kuma a mafi kyawun waƙoƙinta jitar ce ke bin gangar. A Turai ma ba a rasa na kirki ba, domin Saor ta Sikotlan har yanzu tana barin waƙa ta yi tsawo, tana barin karin ƙasarta ya shimfiɗa ƙafa.

Mu ma nan ba baƙin wannan cuta ba ne, kuma duk wanda ya san yadda fiyano ya kori makaɗa daga situdiyoyinmu ya san abin da nake nufi. Kalangun da ke bayan Mamman Shata magana yake yi, mai kiɗa yana matse tsarkiya a hammata yana sassautawa, sautin yana hawa da sauka tare da harshen mawaƙin. Wa zai iya cire kalangu daga Shata ya ce saura ta tsaya? Kalangun fiyano kuwa bugu ɗaya ne da aka ɗauka ake maimaitawa, kuma ana iya musanya shi da kowane sauti ba wanda zai yi kuka. Abin da ya sami sarewar Turai ke nan, ba ragi ba ƙari.

Kundin da ya fi wanke mini zuciya cikin makonnin nan daga maƙwabta ya fito. Arka'n Asrafokor 'yan birnin Lome ne na ƙasar Togo, suna rera yawancin baitocinsu da harshen Ewe, sun fitar da Zã Keli a 2019, sa'an nan Dzikkuh a 2024. Na yi musu gwajin da na yi wa sauran, na yi ƙoƙarin toshe kunnena ga gangunan gargajiyar in bi jitar kaɗai, sai na kasa, domin jitar da kanta a kan takun gangunan Ewe take tafiya, inda bugu uku ke haɗuwa da bugu biyu suna saɓawa suna komawa. Babu inda za ka sa wuƙa ka raba su. Bayan taƙaitattun labarai zan saka muku waƙa ɗaya daga ciki, in biyo ta da ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓata mini rai, ba tare da na faɗi wacce ce wacce ba. Ku cire sarewar da kanku, layukanmu a buɗe suke.