Maƙwabci ya hana ka barci a gidan haya: ta ina za ka fara?

Assalamu alaikum, jama'a. Yau maganarmu a kan gidan haya ce, irin wanda ake samu a Ringim, Gumel, Bichi ko Rano: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Malamin firamare na ɗakin farko, ma'aikaciyar asibiti na biye da shi, ɗan bautar ƙasa yana can ƙurya. Ƙarfe sha ɗaya na dare, ka kwanta kenan, sai na kusa da kai ya tayar da janareto daidai saitin tagarka. Gobe kuma da asuba za ka fita.

Kafin ka tashi da faɗa, ɗaga kai ka dubi ɗakin. A yawancin irin waɗannan gidaje katangar da ta raba ku ba ta kai ga kwano ba, kuma babu silin. Ta wannan gibin sauti yake tsallakowa, har tarin maƙwabci kana ji. Bulo mai rami kuma ba ya tare ƙara kamar katangar ƙasa mai kauri da rufin azara, shi ya sa ɗakin kakarka a ƙauye ya fi naka shiru. Sau da yawa mutumin bai ma san abin da ke isowa kunnenka ba.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce don barci ya yi daɗi, kada ƙarar cikin ɗakin kwana ta wuce desibel 30. Hirar mutum biyu kuwa tana kai wajen 60, ƙaramin janareto a kusa ya wuce haka. To ga abin da zai yi maka amfani: a fili, duk lokacin da aka ninka tazara, ƙara takan ragu da kusan desibel 6. Idan aka janye injin daga mita 2 zuwa mita 8, an rage wajen 12 kenan, kuma kunne yakan ji ragin desibel 10 kamar an raba ƙarar biyu. Doguwar waya kawai ake buƙata.

Sai a ɗora shi a kan tsohuwar tayar mota, domin wani ɓangare na damuwar girgizar da ke bin siminti ce. A jera bulo tsakaninsa da ɗakuna, a juya bakin salansa ya kalli bango na waje. Idan salansar ta fashe, mai gyaran babur ma zai iya dubawa. Abin da ke sa mutane manne inji da ƙofarsu tsoron ɓarawo ne, to sarƙa da kwaɗo sun wadatar. Amma ku ji da kyau: kada neman shiru ya sa a shigar da janareto ɗaki, ko zaure, ko a rufe shi ruf. Akwai iskar guba a hayaƙinsa wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutane suna barci.

Yanzu maganar kanta. Kada ka buga ƙofa tsakar dare ranka a ɓace. Bari sai kun fito daga sallar La'asar, ku gaisa, ka tambayi iyali, sannan ka ce: "Malam, wata alfarma nake nema. Injin nan yana saitin kaina, ni kuma da asuba nake fita. Ko za mu matsar da shi bayan rijiya? Wayar ni zan sayo." Ka ga ka zo da buƙata guda, ka zo da mafita, ka kuma ɗauki wani ɓangare na kuɗin. Wanda ya ce "kun ishe mu da hayaniya" bai ba kowa abin yi ba, sai dai a mayar masa da magana. Idan rediyo ce ko sifika, ku yanke lokaci, misali bayan ƙarfe goma a rage. Idan tsakanin mata ne, a bar su su yi ta tsakaninsu, domin da zarar maza sun shiga magana ta girma. Zo mu zauna, zo mu saɓa, haka zama yake.

Ni dai a ganina akwai abin da ba a kai ƙara a kansa: kukan jariri, dakan safe, bikin kwana ɗaya. Ramuwa kuma, wato kai ma ka ƙure taka rediyon, sauran 'yan haya kawai za ta haɗa ka da su.

Idan ka yi magana sau biyu ba a ji ba, sai ka sami mai gidan ko wakilinsa, zai fi kyau ku je ku biyu ko uku. Daga nan liman, wanda zai tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wasiyya da maƙwabci ba, har Annabi ya zaci za a ba maƙwabci gado. Sai mai unguwa, sai dagaci. Ofishin Hisba ma yana sulhu. Idan kuwa sana'a ce, kamar injin niƙa ko gidan kallon ƙwallo da aka manna da ɗakin kwana, duba-gari na ƙaramar hukuma suna da hurumi, kuma tun 2009 akwai ƙa'idojin hana hayaniya a ƙarƙashin NESREA, hukumar tarayya mai kula da ƙa'idojin muhalli. Ka riƙa rubuta rana da lokaci, ka ɗauki sautin da wayarka daga cikin ɗakinka, saboda za a tambaye ka shaida.

Wanda kuma yake neman ɗaki yanzu, kada ya biya kuɗin shekara don ya ga gida da hantsi, lokacin kowa ya fita. Ya koma bayan Isha'i, ya ɗan zauna a ciki, ya duba ko akwai silin, ya tambayi inda ake ajiye injina. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.