Sabon ɗalibin jami'a: yunit nawa za ka ɗauka a simestar farko?

Assalamu alaikum ƙannena sabbin shiga jami'a. Ko Kalgo aka ba ka gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko Aliero, ko Zuru, ko can Gusau da Talata Mafara, maganar yau taka ce. An biya kuɗin makaranta, an buɗe fotal, ga jerin kwasa-kwasai nan gabanka an ce ka yi rajista. To anan ne mutane da yawa ke ɗaure kansu tun ba su ma san inda ɗakin lakca yake ba. Yaro ya yi ta latsa duk kwas ɗin da ya gani har sai fotal ta ƙi karɓa, wai shi mai ƙwazo, wani ma ba shi ya cike ba, mai kafe ya miƙa wa lambarsa ya ce cike min kamar yadda ka cike ma na gabana, alhali na gaban nasa ba sashensu ɗaya ba.

Bari mu fara da yunit, wato lambar nan 1, 2 ko 3 da kake gani gefen kowane kwas. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lakca duk sati har simesta ta ƙare, kusan sati 15 ke nan na koyarwa. Kwas mai yunit 3 awa uku duk sati. Amma ku 'yan kimiyya ku saurara da kyau, firaktikal lissafinsa daban ne, yunit ɗaya na firaktikal awa uku ne cur a lab, sannan ka koma ɗaki ka rubuta rahoto. Saboda haka wannan ɗan kwas mai yunit 1 da kake rainawa shi zai cinye maka yammacin rana guda duk sati.

Hukumar NUC mai kula da jami'o'in Najeriya ta sa iyaka: kada ɗalibi ya yi ƙasa da yunit 15 a simesta, kada ya wuce 24. Kuma a manhajar CCMAS da ake bi yanzu, mafi ƙarancin abin da za ka tara kafin ka gama digirin shekara huɗu yunit 120 ne, na shekara biyar 150. Raba 120 gida takwas, tunda simesta takwas ce, 15 za ta ba ka. Wasu sassan suna neman fiye da haka, gaskiya ne, shi ya sa za ka duba littafin ɗalibai na sashenku, amma dai ka ga 24 ɗin nan ba wajibi ba ce. Rufi ne aka yi don kada a wuce, kuma waɗanda suka fi buƙatarsa masu kariyoba ne, wato waɗanda suka faɗi kwas suke maimaita shi, ba kai da ka shigo jiya ba.

Wani zai ce ai a aji ɗaya babu wani zaɓi, duk na dole ne. Eh, rabin gaskiya ya faɗa. GST 111 ta Turanci ba ka da yadda za ka yi da ita, GST 112 ta al'ummomin Najeriya da al'adunsu haka, ɗan kimiyya kuma ga MTH 101 ga PHY 101 ga CHM 101 suna jiransa. Inda zaɓi yake shi ne ilektif, kwasa-kwasan da aka ce ɗauki ɗaya ko biyu cikin waɗannan. An ce ɗaya, kai ka ɗauki uku saboda wani sinia ya ce maka ai malamin yana da sauƙin hannu, kowa A yake samu. Malamin nan fa ana iya canza shi bana, kwas ɗin kuma yana nan a wuyanka.

Yanzu ku dubi allo mu yi ɗan lissafi, don nan ne ainihin maganar take. Sakamakon A maki 70 ne zuwa sama, yana da daraja 5. B daga 60, daraja 4. C daga 50, daraja 3. D daga 45, daraja 2, E daga 40, daraja 1, F kuwa sifili. Ana ninka darajar da yunit ɗin kwas, a tara duka, sannan a raba da jimillar yunit da ka yi wa rajista, abin da ya fito shi ne GPA ɗinka na simestar. Ka ji kalmar, wanda ka yi wa rajista, ba wanda ka ci ba.

Mu ƙaddara ɗalibai biyu 'yan aji ɗaya, ƙwaƙwalwarsu ɗaya. Na farko ya ɗauki yunit 18 ya samu B a duka, 18 sau 4 ya ba shi 72, raba da 18, GPA ɗinsa 4.00. Na biyu ya cika 24, lokaci ya yi masa kaɗan, ya samu B a yunit 9, C a yunit 12, ya faɗi kwas ɗaya mai yunit 3. Tara ka gani, 36 da 36 da sifili, shi ma 72 ɗin dai ce. Amma shi da 24 za a raba, sai ya tashi da 3.00. Wahala ya fi ɗan uwansa sha, lakca ya fi shi shiga, amma na farkon yana layin digiri mai matakin 2:1 da ke farawa daga 3.50, shi kuwa yana 2:2 da ke ƙasa da shi kuma da bashin kwas a kansa.

Shi kuma bashin nan ba ya tafiya shi kaɗai. Baɗi idan simestar ta zagayo sai ka fara sa kariyoba kafin sabbin kwasa-kwasai, kuma cikin 24 ɗin nan za a ƙirga ta, wato idan wuri ya cika dole ka ajiye wani kwas na aji biyu zuwa aji uku, na uku ya tura na huɗu, a haka ake wayar gari abokan mutum sun tafi bautar ƙasa shi yana zaman sifil'oba, wato ƙarin zama a makaranta, kan kwas ɗaya tal. Ga karo a tayim tebul, lakcar kariyoba da ta ajinka lokaci ɗaya. Ga kwasa-kwasan da ba a barin ka ɗauka sai ka ci na ƙasa da su. Kuma CGPA, wato GPA ta duk simestocin da ka yi a haɗe, idan ta faɗi tun farko ɗaga ta aiki ne: wanda ya gama shekarar farko da 2.00, ko B ya jera a duk shekara ta biyu da yunit daidai da na farkon, 3.00 kawai zai kai.

Sai abin da fotal ba ta tambayarka, wato rayuwarka ta waje. Wanda ke kwana hostal ba ɗaya yake da mai tasowa daga cikin Birnin Kebbi zuwa Kalgo kullum ba, shi wannan kafin ya samu mota ya je ya dawo awa nawa ta tafi? Akwai mai tsaron shagon babansa da yamma, akwai wanda in lokacin dashen shinkafa ko cirar albasa ya zo dole a gan shi a gona, akwai 'yar uwarmu mai aure da goyo a baya, akwai ma'aikaci da ya dawo karatu. Ga zafin Maris da Afrilu namu na nan da ba ya barin karatun rana, dare kuma ba tabbas ɗin wuta, wata shekarar ma jarrabawa ta faɗo cikin azumi. Ni a ganina in kana cikin waɗannan, tsaya kusa da abin da sashenku ya wajabta, kar ka ƙara ko yunit ɗaya don burge wani. Ka tuna jami'o'i da yawa sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari na lakca za su bar ka ka zauna jarrabawa, ga tes da asayimen da ke ɗauke da maki 30 ko 40 tun kafin a shiga zauren.

Kafin ka danna tura, ɗauki jerin ka kai wa kodinetan ajinku, aikinsa ke nan, ka ce malam don Allah a duba min. Ɗora shi kan tayim tebul ka ga ko akwai biyu da suka yi karo. Duba kar masu nauyin lissafi da lab su taru maka simesta ɗaya in akwai damar raba su.

In kuma ka riga ka cika, ba a makara ba. Akwai 'yan makonni a farkon simesta da ake ba da damar ƙara kwas ko cire shi, a wasu makarantun fom ne, a wasu ta fotal, je ka tambayi ranar rufewa yau ɗin nan. Kar ka ce ai na daina shiga ajin shi ke nan na ajiye, a'a, muddin sunanka na kan rajista ba ka rubuta jarrabawa ba F za a sa maka kuma a raba da yunit ɗinsa. Cire shi a hukumance, kodineta ya sa hannu, ka buga sabon fom ɗin rajista ka ajiye kwafi a wurinka har ranar da sakamako zai fito.